Kafin Jirgi Ya Iso Daura: Abin da Ke Sauke Tarago Daga Kan Layi

Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗo daga kudu ya iso Kano a 1911. Auduga suka sa rai zai riƙa kwasa, sai gyaɗa ta cika taragun. Daga baya aka fitar da reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma ya tashi daga Kano ya nufi Nguru a 1930. Daura ta faɗa tsakanin rassan nan biyu, babu wanda ya waiwaye ta. Garin da ke da rijiyar Kusugu da labarin Daurama da Bayajidda ya shafe fiye da shekara 100 yana jin labarin jirgin ƙasa a bakin fatake da mahajjata da masu zuwa cin rani. Tsoho a Baure ko Zango zai iya ba ka labarin raƙuma da manyan motocin da ke tsallaka iyaka ta Kongwalam, amma kukan jirgi bai taɓa tashinsa daga barci ba.

Wannan ya kusa zama tarihi. A watan Fabrairun 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Layin zai tashi daga Kano ya bi ta Ɗambatta da Kazaure ya shigo Daura, daga nan ya karkata yamma ta Mashi da Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar. Ranar kammalawa ta sha matsawa gaba, kuma kusan duk hirar da ake yi a kan aikin ba ta wuce abu uku: yaushe za a gama, nawa aka biya diyyar gonaki, wa zai samu aiki a tasha. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wadda za ta dame mu shekara biyar bayan an yanke ƙyallen buɗewa an watse: me ke riƙe jirgi a kan ƙarfe biyu, me kuma ke sa ya goce?

Mutanen da suka fi kowa yawan ganin tarago ya goce, abin mamaki, ba ma'aikatan reluwe ba ne. Wasu dattawa ne a Jamus da Ingila da Amurka da ke shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a lambun bayan gida.

Jirgin lambu

Abin wasa ne na masu hali, amma wasan da aka ɗauka da gaske. A 1968 wani kamfanin kayan wasa a birnin Nurembag na Jamus, Lehmann, ya fitar da jirgin da ya sa wa suna LGB, wanda aka ƙera don ya jure rana da ruwan sama. Faɗin layinsa milimita 45 ne, wato bai kai yatsu uku a jere ba, kuma kowane tarago an rage girman na gaske ne sau 22 da rabi. Tun kafin nan Ingila tana da irin nata. A garin Beaconsfield akwai wani ƙauyen kwaikwayo mai suna Bekonscot da aka buɗe tun 1929, ƙananan jirage na zagaya ƙananan gidaje a sarari har yau. Yaron Daura da ya taɓa fere kara ya haɗa mota, ya yanko ƙafafu daga tsohon silifa, ya san daɗin da waɗannan dattawan ke ji. Bambancin kawai kuɗin da aka kashe.

Abin da ya sa labarinsu ya shafe mu shi ne layin nasu a waje yake. Rana na dukansa, ruwa na wanke ƙasar da ke ƙarƙashinsa, iska na zuba masa ganye da ƙasa, kare ko yaro na taka shi. Duk cutar da ke kama babban layi tana kama shi, sai dai a nan tarago yana faɗuwa sau da yawa a wuni ɗaya ba tare da kowa ya ji ciwo ba. Mai shi ya ɗaga, ya mayar, ya tsuguna ya sa ido. Da yawan tsuguno suka fitar da ƙa'idar da kowane sabon shiga ke koya tun ranar farko: idan taragu daban-daban suna faɗuwa a wuri ɗaya, laifin na layi ne, idan tarago ɗaya ne ke faɗuwa a ko'ina, laifin nasa ne, idan kuwa ba a wuri ɗaya ba kuma ba tarago ɗaya ba, a dubi yadda aka jera taragun da yadda ake tuƙin. Mafi yawan lokuta amsar farko ce ke fitowa.

Kafin a gane dalili sai an dubi ƙafar jirgi da kyau. Jirgi ba shi da sitiyari. Ƙafafunsa biyu, na dama da na hagu, a manne suke da sanda ɗaya, tare suke juyawa. Fuskar ƙafar da ke taka ƙarfe kuma ba a miƙe take ba, an ɗan zuge ta: ta fi kauri ta ciki, ta fi siranta ta waje. Wanda ya taɓa gangara kofin shayi a ƙasa ya ga yadda yake lanƙwasa da kansa ya nufi ɓangaren gindinsa, saboda baki ya fi gindi faɗi. Da wannan dabarar jirgi ke shan kwana. Idan ya zo lanƙwasa sai ya ɗan matsa waje, ƙafar waje ta hau wurin da ya fi kauri ta riƙa cin ƙasa da yawa, ta ciki ta sauka wurin da ya fi siranta, jirgin ya juya ba wanda ya murɗa komai. Leɓen da ke gefen ƙafar ta ciki, wanda mutane ke ɗauka shi ke riƙe jirgi, mai tsaron baya ne kawai. Tsawonsa a babban jirgi wajen santimita 3 ne. Tarago mai nauyin tan 50 da mutanen da ke cikinsa, abin da ke tsakaninsu da daji ke nan.

Fiye da shekara 100 da suka wuce wani injiniyan Faransa mai suna Nadal ya lissafa lokacin da leɓen nan ke hawa kan ƙarfe ya tsallake, kuma har yau da lissafinsa ake aiki. A taƙaice, ƙarfi biyu ne ke kokawa a kan kowace ƙafa: nauyin da ke danna ta ƙasa, da turin da ke ingiza ta gefe. Muddin nauyi ya rinjaya, lafiya lau. Da zarar turin gefe ya yi yawa, ko nauyin ya ragu, ƙafa ta fara hawa. Wannan na biyun shi ne mugun, don ba a ganinsa. Mai jirgin lambu yakan ɗora ma'aunin magina, mai ɗigon iskar nan a cikin ruwa, a gicciye kan layinsa, ya riƙa matsawa taƙi-taƙi. Abin da yake nema shi ne wurin da ɓangare ɗaya ya nutse kaɗan sannan nan gaba kaɗan ɗaya ɓangaren ya nutse. Layi ya murɗe ke nan. Tarago mai ƙafa huɗu da ya hau irin wannan wuri, uku ne za su taka da ƙarfi, ta huɗun ta yi sakayau. Idan ta huɗun ta zo daidai kwana, shi ke nan. A lambu, murɗewar milimita biyu ko uku ta isa. A babban layi ma lissafin da milimita ake yinsa, ba da taƙi ba.

Haka zancen jera taragu. Idan aka sa tarago marar kaya a tsakiya, masu nauyi a bayansa, kan jirgi ya fizga a kan kwana, sai layin taragun ya nemi miƙewa, marar kayan ya faɗo ta cikin kwanar. Idan birki aka taka da ƙarfi, na baya su turo shi ya fita ta waje. Masu lambu suna maganin wannan da liƙa 'yan ƙarafa a cikin taragun da ba su da nauyi. A babban jirgi, aikin mai haɗa taragu ne a tasha, mutumin da fasinja bai san da zamansa ba. Layin Maraɗi na kaya ne kafin ya zama na fasinja, kuma kaya ba sa zuwa daidai da yadda suke komawa, don haka taragu marasa kaya za su yi yawa a kansa.

Wuri ɗaya, sau biyu

Mu dawo gida. A watan Janairun 2023, cikin mako guda, jirgin Warri zuwa Itakpe ya goce a dajin jihar Kogi, na Kaduna zuwa Abuja kuma ya goce a Kubwa. Ranar 26 ga Agustan 2025 jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ɗauke da mutum fiye da 600 ya sauka daga layi a tashar Asham, taragu suka kife, mutane suka ji raunuka. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ya nuna cewa na'urar da ke sauya wa jirgi layi a tashar ba ta aiki da kanta, da hannu ake juya ta a ɗaure, kuma watanni 13 kafin nan an taɓa samun gocewar jirgi a wannan tasha. Dattijon da ke tsugune a lambunsa a Jamus ba ya bukatar a ƙarasa masa labarin. Layin Abuja zuwa Kaduna kuwa a 2016 aka buɗe shi, bai cika shekara 10 ba lokacin da abin ya faru.

Mahaɗar layi, inda hanya ɗaya ke rabuwa biyu, ita ce lagon kowane layin dogo. A nan ne kaɗai ƙarfe ke motsi. Akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu baki kamar na wuƙa da ke matsawa dama ko hagu, kuma dole bakin ya manne da babban ƙarfen ba tare da ko 'yar kafa ba. Idan tsakuwa ɗaya ta shiga tsakani, leɓen ƙafa zai iya kutsawa ta kafar: ƙafafun gaba su bi hanya ɗaya, na baya su bi ɗaya. Ba mu kaɗai abin ke ci ba. A Potters Bar, arewa da Landan, a watan Mayun 2002, notunan da ke riƙe sandunan mahaɗa ne suka kwance, mahaɗar ta motsa jirgi yana kanta, mutum 7 suka mutu. Abin da sifana da ido za su gyara cikin minti goma.

Rana, yashi, ruwa

Kowace ƙasa da irin jarrabawar da take yi wa layin dogo. Ta ƙasar Daura ta fara da rana. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi. Kilomita ɗaya na ƙarfen layi, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai nemi ƙarin tsawon kusan santimita 35. Tsohon layin Turawa gutsure-gutsure ne da aka haɗa da noti, aka bar 'yar kafa a kowace gaɓa don ƙarfen ya samu wurin miƙewa, kuma kafar nan ce ke ba da ƙarar ƙwas-ƙwas da tsofaffin matafiya Kano zuwa Legas suka sani. Layukan zamani walda ake yi musu su zama zare ɗaya mai tsawo, a ɗaure su tam a kan kankaren da aka jera a gicciye, kankaren kuma a binne shi cikin tsakuwa. Ƙarfen ba shi da inda zai je, sai ya tara ƙarfin a cikinsa. A ƙarin digiri 30 ɗin nan, turin da ke cikin kowane ƙarfe ɗaya ya haura tan 50. Abin da ke hana shi fizgewa gefe ya yi lauje shi ne tsakuwar da aka tara a kafaɗar layi.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Wanda ya ɗebi baro biyu na tsakuwa a gefen layi don ya zuba daɓen shagonsa ba ya jin ya yi wani laifi, dutse ne a daji. Ba zai taɓa haɗa abin da ya yi da jirgin da ya kife bayan wata uku da azahar ɗin wata ranar Afrilu ba.

A watan Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40 a Ingila karon farko a tarihinsu, aka dakatar da jirage a wasu layuka, aka rage wa sauran gudu. Suna ɗaure ƙarfensu ne a kan zafin digiri 27, har farin fenti suke shafa wa wasu wurare don rage zafi. Digiri 40 ɗin da ya tsayar da su shi ne abincin yau da kullum a Daura a watannin Afrilu da Mayu, kuma ƙarfen da ke kwance a rana yakan ɗara iskar da ke kewaye da shi da digiri kusan 20. Sannan hunturu ya zo, asubahin Janairu ya sauka ƙasa da digiri 15, ƙarfen ya nemi tsukewa, idan akwai rauni a walda ya tsinke. Saboda haka zafin da aka ɗaure kowane yanki na layi a kansa lamba ce da ya kamata a rubuta a ajiye. Duk ranar da aka yanke ƙarfe don gyara aka mayar ba tare da an koma ga lambar nan ba, an dasa matsala an tafi. Mai jirgin lambu ya san wannan tun da wuri, domin nasa layin galibi na tagulla ne, wadda ta fi ƙarfe saurin miƙewa: a ƙarin digiri 30 ɗin nan, mita 10 kacal kan ƙaru da kusan milimita 6. Shi ya sa gwanayensu ba sa kafe layi da ƙusa ko'ina, sukan bar shi ya yi ta numfashi a kan tsakuwa.

Sai yashi. Ƙasar Daura jigawa ce, kuma duk wanda ya bi hanyar Mai'aduwa ko Baure da rani ya ga yadda iska ke kwaso rairayi ta zube a gefen kwalta. Tsakuwar layi tana aiki ne saboda kafofin da ke tsakanin duwatsun: su ke barin ruwa ya wuce, su ke ba layi ɗan laushi idan nauyi ya hau. Yashi ya cike kafofin, layi ya sandare, ruwa ya kwanta, ƙarfe da ƙafa su riƙa cin juna. Masu wannan yaƙin da gaske suna Muritaniya, inda layin kamfanin SNIM mai kilomita 704 ke ɗauko tama daga Zuwerat zuwa tashar ruwan Nuwadibu tun 1963, da jiragen da tsawonsu ke wuce kilomita 2. Kwashe yashi daga kan layi aiki ne da ba ya ƙarewa a wurinsu, akwai mutanen da abincinsu ke nan. Daura ba Sahara ba ce, kuma tana da makamin da su ba su da shi, wato itace. Jerin darbejiyar da aka daddasa a arewacin jihar Katsina don tare iska ya nuna abin yana yiwuwa. Ni dai a ganina kuɗin dashe da rainon itatuwa a gefen layin ya cancanci shiga kasafin reluwe kamar kuɗin man jirgi, a nesa da ƙarfen yadda saiwa da reshe ba za su kai shi ba.

Ruwa kuma na wata uku ne zuwa huɗu, amma idan ya zo da fushi yake zuwa. Layin dogo a kan tudun ƙasa da aka ɗaga yake tafiya, wato bango ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita da aka gitta wa duk wata ƙorama da ke kan hanya. Kwalbatoci ne ƙofofin bangon. Kwalbatin da yashi da leda da karan dawa suka toshe da rani ya zama madatsar ruwa da damina, ruwa ya taru ya ci gindin tudun, ƙarfe ya rage a rataye a sama ba abin da ke ƙarƙashinsa, direba kuma daga nesa lafiyayyen layi yake hange. Mutanen Jibiya, wadda ke kan wannan layin, ba su manta da ambaliyar Yulin 2018 da ta ci rayuka gommai cikin dare ɗaya ba. Ruwan da ya yi wannan ɓarnar ba zai ji kunyar tudun reluwe ba.

Na mutane da dabbobi

Mai'aduwa na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa, kuma shanun da ke zuwa can da ƙafa suke zuwa. Layin zai ratsa burtali da hanyoyin gona da na rijiya waɗanda suka girmi kowace taswira. Inda ba a bar wa garke mashiga ba, garke zai yi wa kansa, kofato kuma ya fi baro saurin rusa kafaɗar tsakuwa. Makiyayi da mai amalanke da ɗan acaɓa duk sun saba da mota, wadda ke ganinka ta taka birki ko ta kauce. Jirgi ba ya kaucewa, kuma mai kaya da ke cikin gudu yakan ci fiye da kilomita kafin ya tsaya. Wannan karatu ne da ba a taɓa bukatarsa a masarautar ba, kuma hanyar isar da shi sananniya ce: daga fadar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar zuwa hakimai, zuwa dagatai da masu unguwanni da arɗoɗi, sai limaman Juma'a da gidajen rediyo.

Zancen ɓarayin ƙarfe ba sai an tsawaita ba. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta sha kokawa kan masu kwance maɗauran layi da notuna, an kuma sha kama manyan motoci maƙare da ƙarafan reluwe. Maɗaurin da ɗan gwangwan zai saya a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, shi ke riƙe faɗin layi a kan milimita 1,435. Idan aka kwance goma a jere, ƙarfe ya buɗe, ƙafa ta faɗa tsakiya.

Akwai abin da Daura ta samu wanda Asham ba ta da shi. A watan Disambar 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, kuma tuni ta fara karatu. Ga kuma cibiyar fasahar sufuri ta NITT a Zariya tun 1986. Injiniyoyi za su fito, masu lissafin Nadal a ka. Abin da nake tsoro shi ne a yaye masu zanen layi da yawa a rasa mai tafiya a kansa. Tsohuwar reluwe tana da leburorin da aka raba wa layi yanki-yanki, kowane rukuni da kilomitocinsa, su fito da sassafe da guduma da dogon sifana suna tafe suna duba noti. Aikin ba shi da kwarjini, ba a ɗaukar hotonsa, kuma shi ake fara zaftarewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Da za a ji ta tawa, da jami'ar ta ware wani fili a harabarta ta shimfiɗa irin ɗan layin lambun nan, mita 50 ko 100, a sarari, a kan yashin Daura, da kwanoninsa da mahaɗarsa da 'yan kwalbatocinsa, a damƙa wa ɗaliban shekarar farko. Kuɗinsa bai kai na motar shugaban sashe ba. Kafin damina ɗaya ta wuce za su ga layi ya yi lauje da azahar, su ga ruwa ya cinye gindinsa, su ga akuya ta rusa musu aikin mako guda. Za su kuma ci karo da wata matsala da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da ita ba: man giris da ake shafa wa mahaɗa don ta yi santsi, a wurin da iska ke ɗauke da rairayi, shi ne ke kama rairayin ya dunƙule ya hana bakin mahaɗar rufewa. Masu jirgin lambu sun daina sa maiƙo a nan, garin baƙin fensir suke barbaɗawa. Wasu manyan layuka kuma sun koma ɗora bakin mahaɗa a kan 'yan ƙananan tayoyin ƙarfe da ba sa bukatar mai. Wanne daga ciki za a sa a tashar Daura, tambaya ce da ya kamata a yi wa 'yan kwangila tun suna nan.